Kafin ka sayi littafin tsohuwar tarakta, duba farantin lamba da inji

Manoma da direbobin tarakta na yankin Garwa, Marwa da Yagwa a arewacin Kamaru, ga wata magana kafin a shiga gyaran injina na gaban damina. Yawancin tsofaffin Massey Ferguson da ke huɗa a gonakinmu na auduga da masara sun iso ne bayan sun ratsa hannu uku ko huɗu, littafinsu ya ɓace tun a hanya. Sai mai ita ya je shagon fotokofi, ko ya sa yaro ya sauko masa da wani a waya. Da ya ga jar tarakta a bango da lamba mai kama da tasa, shi ke nan, ya biya. To, kama da wane ba wane ba ne.

Ɗauki Massey Ferguson (MF) 130 da MF 135. Daga nesa kamar tagwaye, amma 130 ƙirar Faransa ce mai injin Perkins A4.107 na silinda huɗu, ita kuwa 135 ta gazuwal injinta AD3.152 ne mai silinda uku. Ita kanta 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, akwai ta Ingila, akwai ta Faransa, akwai ta Amurka, har da mai shan fetur. MF 35 ta fara da injin Standard 23C mai silinda huɗu, daga 1959 aka koma Perkins mai uku. MF 165 ta gazuwal ma ta ga AD4.203 sannan A4.212. Lamba ɗaya a jikin kapo, wato murfin inji, amma filta, awon mai da saitin bawul kowa da nasa. Kapon ma sau nawa ake ciro shi daga wata a ɗora wa wata, a shafe da jan fenti?

Abin dogara shi ne farantin lamba, wanda galibi yake jikin dashbod kusa da sitiyari. A wanke shi da gazuwal da tsohon buroshi, a kwafe komai, haruffan da ke gaban lambar su ma, don su ne ke nuna irin inji da giya. Sannan a nemi lambar da aka buga a jikin injin kansa, domin tarakta mai shekara 50 da wuya a ce ba a taɓa canja mata inji ba. In tsatsa ta cinye lambar, a ƙirga bututun ƙarfe da ke tashi daga famfon gazuwal zuwa kan inji: uku ne ko huɗu? In farantin ya ce abu ɗaya, injin ya ce wani, littafi biyu za a nema, na tarakta da na Perkins. Shafukan farko na littafi kan faɗi daga wace lamba zuwa wace yake aiki, can za a fara buɗewa.

Littattafan kuma iri uku ne. Na direba, da Faransanci manuel d'utilisation, shi ke faɗin lokacin juye mai, wuraren giris da iskar taya. Na makaniki, manuel d'atelier, shi ke da awon ɗaurin kusoshi. Na uku kundin kayan gyara ne mai zane da lambobi. Manomi na farkon yake bukata tukuna.

Ɓarnar littafin da ba nata ba a hankali take fitowa. Tazarar bawul ta AD3.152 milimita 0.30 ce in inji ya huce. A matse ta da awon wani inji, bawul ya ƙi rufewa sosai, ya ƙone, tarakta ta rasa ƙarfi a tsakiyar huɗa. Wasu 165 birkinsu busasshe ne, na baya-baya kuwa a cikin mai yake, kuma in ba a zuba man da aka yi domin irinsa ba sai ya riƙa ƙugi yana fizga. Mafi haɗari shi ne tsarin giya da ake kira Multi-Power. Mai wannan ƙaramin liba a dashbod, in an sa shi a ƙaramin mataki (Low), inji ba ya riƙe tarakta a gangara, sakinta yake yi. Littafin wadda ba ta da shi ba zai faɗa maka ba, ga tirela cike da auduga a bayanka. A duba batir ma: MF 35 ta Ingila da ba a sauya mata wayoyi ba, kan mai alamar + ne ke haɗe da jikin tarakta.

Awo ma tarko ne. Galan na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka 3.79, bar ɗaya na iskar taya kuma kusan psi 14.5. Shi ya sa na Faransanci mai lita da bar ya fi mana sauƙi, muddin lambar ta dace. Kuma a tuna a ƙasar sanyi aka rubuta shi: a jadawalin mai a bi layin zafi mafi girma, kwanon mai na filtar iska kuwa a buɗe shi kullum lokacin ƙura, a wanke, a cika daidai layi.

In an sami na daidai, a yi fotokofi biyu, a rubuta lambar tarakta da ta inji a bango. Ɗaya a gida, ɗaya a leda cikin akwatin sifana.