Galahanga, da sabuwar kalmar da ta biyo bayanta

Mai bin labaran Hausa zai iya ɗauka sau uku ake Ranar Galahanga ta Duniya a shekara. Ran 21 ga Maris a ce yau ce, ran 2 ga Afrilu a sake cewa yau ce, in Oktoba ta kama a maimaita ran 6 ga wata. Alhali lalurori uku ne daban. Ta Maris ta masu lalurar Down ce, wadda ake haihuwar yaro da ita saboda ƙari a ƙwayar gado mai lamba 21. Ta Oktoba ta yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni ce, ko a ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko daga shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, har abin ya taɓa motsin jikinsu, kuma da yawansu hankalinsu garau yake. Ta Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2007, ta masu otizim ce, wato lalurar da ke shafar yadda mutum yake magana da mu'amala da mutane. Mu kuwa duk mun zuba su a buhu ɗaya mun ɗaure.

Ba a gama da wannan ba, sai ga wata kalma ta faɗo daga Turanci, matasa na ta yayinta a TikTok da Facebook: niyurodaibajent. Abin da take nufi shi ne mutumin da tsarin aikin ƙwaƙwalwarsa ya saɓa da na galibin mutane. Ba sunan ciwo ba ne, ba likitan da zai rubuta maka ita a kati. Masu otizim ne da kansu suka fara wannan tunani a hirarrakinsu na intanet a shekarun 1990, wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, ta yi rubutu a kansa a 1998. Hujjarsu ita ce, yadda halittu suka bambanta, haka ƙwaƙwalen mutane ma. Daga baya aka shigar da masu ADHD, wato wahalar tsayar da hankali wuri guda, da masu disleksiya, waɗanda haruffa ke ba wuya duk da kaifin basirarsu.

Inda nake jin haushi shi ne yadda ake karkatar da ita ta fuska biyu. Mai gabatar da shiri zai ce "masu taɓin hankali", shi ke nan ya tura iyaye wajen mai hayaƙi. Otizim ba hauka ba ne, ba kuma aljani ne ya musanya yaro ba. Yawancinsa daga gado yake. A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan gayun da ke cewa "ai baiwa ce", ko wanda ya manta makullinsa sau biyu ya fito ya ce yana da ADHD. Je ka gaya wa uwar da ɗanta ya shekara 12 bai taɓa furta "Umma" ba, ba ya iya wanka da kansa, cewa baiwa ce. Faɗin abin ne ke ruɗa mutane: tun 2013 likitocin Amurka suka haɗe abin da a da ake kira lalurar Asperger, wato nau'in da ba ya jinkirta magana, da otizim ƙarƙashin suna ɗaya, don haka injiniyan da ba ya son hayaniya da wancan yaron duk suna amsa shi.

Wannan faɗaɗawar, tare da ƙaruwar gwaji, ita ce babban dalilin da alƙaluman masu otizim a Amurka suka tashi daga yaro 1 cikin 150 a 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020. 'Yan siyasarsu na kiran hakan annoba, wasu na ɗora laifin a kan rigakafi. Tushen zargin wani bincike ne na likitan Birtaniya Andrew Wakefield a 1998, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta janye a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita. Mu da muka ga abin da ƙauracewa rigakafin shan inna ta jawo a 2003, bai kamata mu sayi wannan hajar ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar ido. A littattafan likitocin Turai, ƙin haɗa ido na cikin alamomin otizim. A gidan Bahaushe kuwa, yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya shi ne mai kunya, har a yi ta sa masa albarka, a shekara ba a lura da komai ba. Inda muke kama shi daban ne: gaisuwa. Wanda aka ce masa "ina kwana, ina gajiya, ya iyali" ya amsa ɗaya ya shiga maganar da ta kawo shi, nan take ya zama miskili ko mai girman kai. In ya tsere daga wajen biki saboda ƙarar lasifika na huda masa kai, a ce ba ya son zumunci. In ka tambaye shi ko ɗinkinka ya yi kyau ya ce a'a, a ce ba shi da kara. Sau da yawa bai ma san ya yi laifi ba, domin habaici da hannunka-mai-sanda, waɗanda muke alfahari da su, su ne ainihin abin da ke shige masa duhu.

To in abokin aikinka ne ko ɗan ajinku, taimakon ba ya cin ko kwabo. Faɗa masa abin da kake so ƙarara. In an sauya lokacin taro, sanar da shi da wuri. Mai ADHD, tura masa saƙo a rubuce maimakon jero masa abu biyar a tsaye. In ka ga yana kaɗa jiki ko yana murza yatsu, ƙyale shi, natsuwa yake nema. Kada kuma ka yi masa gwajin baki, ka ce "ina ga kai ma kana da abin nan". Wannan aikin likita ne. Malamin da ke da ɗalibi mai amsa tambaya da baki tiryan-tiryan amma ya kasa karanta layi ɗaya a allo, ya ajiye bulala ya kira iyayen, a nemi wanda zai duba yaron.