Maganin homon ba rigakafin cutar mantuwa ba ne

An daɗe ana cewa mata sun fi maza kamuwa da cutar mantuwa ne saboda istirojin, wani homon (sinadarin da jiki ke samarwa) da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, don haka a mayar musu da shi a huta. Zancen da ƙamshin gaskiya: dattijo yakan fi tsararsa mace istirojin a jini, domin jikinsa na juya testosteron, homon na maza, ya koma istirojin. Amma da aka gwada a Amurka, sakamakon 2003 ya ba da mamaki. Matan da suka kai shekara 65 aka ba su istirojin haɗe da wani maganin homon mai suna furojestin, haɗarin kamuwarsu da cutar ninkuwa ya yi. Wani dalilin da ya sa mata suka fi kamuwa shi ne sun fi tsawon rai, tsufa kuwa shi ne kan gaba wajen jawo cutar.