Rajistar zanen jikin jirgin ruwa: ga amsoshin, don Allah a karanta kafin a sake kirana

Masu walda da masu aikin faiba (roba mai zaren gilashi) na nan Kaduna da suka fara shiga harkar ƙera jirgin ruwa, tambayoyinku iri ɗaya ne, wannan ya kira ya tambaya, gobe abokinsa ya kira ya maimaita, wani ma sai dare ya raba zai turo murya ta minti bakwai a WhatsApp. To ga su nan na haɗa wuri ɗaya. Wanda ya sake tambayata abin da ke nan, wannan rubutun zan tura masa.

Wai da gaske ana yi wa siffar jikin jirgi rajista don kar wani ya kwaikwaya?

Ana yi. Dokar haƙƙin ƙirƙira da zane-zanen masana'antu ta 1970 ce, ta girmi da yawanku. Duk siffa mai tsawo da faɗi da zurfi da aka tsara don a riƙa buga irinta da yawa a masana'anta tana shiga ciki, jikin jirgi ma haka.

A ina ake yi? Nan Kaduna akwai ofis?

Abuja. Ofishin rajistar tambarin kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira da zane, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya. Yawanci ta hannun lauya ko ejan da ofishin ya amince da shi ake bi.

Ai ina da takardar CAC, kuma na yi wa jirgin rajista a NIWA. Bai isa ba?

Bai isa ba, kuma ba su da alaƙa ko kaɗan. CAC sunan kamfaninka ta yi wa rajista. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa mai hedikwata a Lokoja, ruwanta shi ne jirginka ya cancanci hawa kogi ya ɗauki mutane ko bai cancanta ba. Babu ɗaya cikinsu da ta ce siffar jirgin taka ce. Haba jama'a, ba kowace takarda mai tambarin gwamnati ce ke maganin kowace matsala ba.

Na karanta a intanet cewa kariyar shekara 10 ce, kuma mutum na da shekara 2 bayan ya fito da jirgin kafin ya yi rajista.

Wannan dokar Amurka ka karanta malam, kuma ita ce ke jefa mutanenmu a rami. Bari in ɗan tsaya a nan don labarinta na da amfani. Wani kamfani a jihar Fulorida, Bonito Boats, ya ƙera jikin jirgin faiba a 1976, ya samu kasuwa sosai. Da yake a aikin faiba ba sai ka wahala ba, ka sayi jirgin mutum ɗaya ka shafa masa abin da zai hana mannewa ka zuba faiba a kai ka ɗauke mol ɗinsa, wato kwarmin da za ka riƙa zuba faiba a ciki kana fitar da irin jirgin, shikenan ka samu abin da ya ɓata shekaru yana gwadawa, sai jihar Fulorida ta yi doka a 1983 ta hana wannan ɗaukar mol ɗin. Bonito ya kai ƙarar kamfanin Thunder Craft kan zargin ya ɗauki mol ɗin jirginsa, magana ta je har Kotun Ƙolin Amurka, a 1989 kotu ta ce jiha ba ta da hurumin yin irin wannan doka, harkar kare ƙirƙira ta gwamnatin tarayya ce. Masu ƙera jirage suka yi ta kuka har majalisarsu ta yi musu doka ta musamman a 1998, aka gyara ta a 2008. A can ofishin kofirait, mai rajistar haƙƙin mallakar littattafai da waƙoƙi, ake kai takarda, kariya shekara 10, kuma dole a nema cikin shekara 2 daga ranar da aka fara nuna wa jama'a jirgin ko aka sa shi a kasuwa, sannan sai an ƙera jirgin a zahiri, zane a takarda kawai ba ya shiga.

Duk wannan na Amurka ne. Mu ba mu da wata doka ta musamman ta jirgin ruwa, kuma babu rangwamen shekara 2 a tamu. In ba a Amurka za ka sayar da jirginka ba, ka cire waɗannan lambobin daga kanka.

To mu shekara nawa?

Shekara 5 daga ranar da ka shigar da takarda, ana sabuntawa sau biyu, biyar-biyar. Gaba ɗaya 15. Daga nan ya zama na kowa.

Na gano yadda zan lanƙwasa ƙasan jirgi ya riƙa shan mai kaɗan kuma ba ya tangaɗi. Rajistar zane za ta kare min wannan?

A nan ne mutane ke jin haushina. Rajistar zane kamanni take karewa, abin da ido ke gani. Dokar ta faɗa ƙarara cewa siffar da aka yi ta kawai don a cimma wani aiki na fasaha ba ta shiga. In abin da kake taƙama da shi yadda jirgin ke tsaga ruwa ne, to hanyarka fatent ce, haƙƙin ƙirƙira, mai shekara 20, kuma sai abin ya zama sabo da gaske kuma ba wanda kowane gwanin ƙira zai iya tunaninsa da kansa ba. Shi jikin jirgi yawanci ya haɗa biyun, kyau da aiki, shi ya sa nake cewa a hotunan da za ka kai ka fito da abin da ya bambanta jirginka a ido: yadda hancin ya tashi, layin gefe, tsarin saman da fasinja ke zama. Kar ka je kana cika baki a takarda cewa duk lanƙwasar da ke jiki don gudu ka yi ta, da bakinka kake rusa rajistar taka.

Kwale-kwalen da kakana ke sassaƙawa fa, irin namu na gado?

A'a. Abin da masunta suka yi shekara da shekaru suna turawa a kogin Kaduna da Yawuri ba sabo ba ne, ba naka ba ne kai kaɗai. Allah ya jiƙan kaka.

Na riga na sa hotunan jirgin a Facebook, na sayar da guda biyu, kuma na kai ɗaya baje kolin Kaduna. Zan iya yin rajista yanzu?

Toh. Wannan ce tambayar da ba na son amsawa a waya, don amsarta ba e ko a'a ba ce, kuma duk wanda ya ce maka "ba matsala oga kawo kuɗi" kuɗinka yake so.

Ga yadda abin yake. Sharaɗin farko shi ne zanen ya zama sabo a ranar da ka shigar da takarda. In kafin ranar an riga an bayyana shi ga jama'a, a ko'ina a duniya, ta bayani ko ta amfani da shi ko ta kowace hanya, to a ƙa'ida ya daina zama sabo, kuma ba ruwan doka da cewa kai ne da kanka ka bayyana shi. Saboda haka hoton Facebook matsala ne, sayarwa ma matsala ce, wataƙila ma ta fi girma don jirgin na can kan ruwa kowa na kallo. Rangwame ɗaya na sani a dokar da ya shafe ka: in a baje koli na hukuma ko wanda hukuma ta amince da shi ka nuna, kuma ka shigar da takarda cikin wata 6, nunin nan kaɗai ba zai kashe maka zane ba. Baje kolin ƙasa da ƙasa da ake yi a filin hanyar Zariya, ina ganin mutum na da hujja mai kyau a kansa, amma ka ajiye rasit ɗin rumfa da duk takardar da ke nuna ranar, don ranar rigima baki ba zai yi maka aiki ba. Kuma lura, rangwamen na baje kolin ne kawai, bai wanke Facebook ba, bai wanke cinikin da ka yi ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ofishin rajista ba ya binciken ko zanenka sabo ne. Suna duba takardu sun cika, an biya kuɗi, zanen bai saɓa wa tarbiyya ko zaman lafiyar jama'a ba, sai su ba ka satifiket. Kenan ko da ka sayar da jirgi ashirin mai yiwuwa ne ka samu takardar a hannu ka rataya a shago. Amma ranar da ka kai wani ƙara, abu na farko da lauyansa zai yi shi ne ya shiga shafinka ya ɗauko hoton nan da kwanan watansa ya roƙi kotu ta soke rajistar tun daga tushe, kuma kotu na da ikon yi. Ka ga ka biya kuɗin rajista, ka biya lauya, ka dawo ba komai.

To me nake ba da shawara? Ya danganta. In hoton daga nesa ne, jirgin na cikin ruwa rabinsa ba a gani, ana iya jayayya cewa siffar ba ta bayyana ba, amma jayayya ce, alƙali ne zai yanke, ba ni ba. In wanda ya gani kwastoma ne ɗaya da ka nuna wa a asirce a cikin shago bisa amana, wannan daban ne da nuna wa jama'a, sai dai ka iya tabbatar da amanar, shi ya sa nake cewa a riƙa rubutawa ko da layi uku ne a sa hannu. In kuwa ka yi bidiyo kana zagaya jirgin gaba da baya da ƙasa kana cewa a yi sharin, gaskiya ni ba zan ƙarfafa maka gwiwa kan wannan samfurin ba. Goge hoton yanzu ba ya mayar da shi sabo, kar ka wahalar da kanka. Abin da ya fi shi ne samfuri na gaba, wanda ya bambanta da gaske ba ɗan gyaran fuska ba, don dokar ta ce bambanci ƙanƙane ba ya sa zane ya zama sabo, shi ka kai Abuja tun yana cikin shago a rufe. Kuma kar hankalinka ya tashi, ba ƙarshen sana'arka ba ke nan, har yanzu kana iya yi wa suna da tambarin jirginka rajista, wanda shi ba ya mutuwa don an gan shi a Facebook. Amma ka zauna da lauyan da ya san harkar ka nuna masa duk abin da ka taɓa sakawa, kar ka ɓoye masa ko ɗaya.

Ina tsoron in na kai zanen ofis wani ya gani ya sace.

Kwantar da hankalinka. Doka ta ba ka dama ka miƙa samfurin ko hotunan a rufe cikin kunshi, a bar shi a rufe har zuwa wata 12. Kuma ranar da ka shigar ita ake lissafi da ita, wanda ya riga shigarwa shi ke gaba. Abin tsoro na gaske jinkirinka ne.

Alhaji ne ya ba ni kuɗi ya ce in tsara masa jirgi. Zanen nawa ne ko nasa?

Nasa, in ba ku rubuta akasin haka ba. Haka in yaronka na shago ne ya tsara a cikin aikin da ka ɗauke shi, naka ne kai maigida. Sai dai wanda ya tsara da hannunsa na da haƙƙin a sa sunansa a takarda. Ku daina "ai mun yi magana da Alhaji", ku rubuta tun ana dariya.

Ina da samfuri huɗu, sai na cika takarda huɗu?

A'a, takarda ɗaya na ɗaukar zane har 50 in kayan iri ɗaya ne.

In wani ya ɗauki mol ɗin jirgina ya canja fenti fa?

Fenti ba ya wanke shi. Rajista ta ba ka ikon hana wani buga zanenka a ƙira, ko shigo da shi daga waje, ko sayarwa, ko ajiye shi don sayarwa, kuma ɗan canji a abin da ba shi ne ginshiƙin zanen ba bai fitar da mutum ba. Amma ka ajiye shaidarka: zanen farko, hotunan mol lokacin da kake gina shi, rasit ɗin kayan aiki.

Sai in kai shi wurin 'yan sanda?

Babbar Kotun Tarayya. Akwai ta a nan Kaduna. Shari'ar neman haƙƙi ce, kana neman a hana shi a kuma biya ka diyya, kuma kai za ka shigar da ƙarar da kuɗinka, gwamnati ba za ta bi kogi tana duba maka wa ya kwaikwaye ka ba. Ku bar sa a kulle mutane a caji ofis kan wannan, sai ka je neman haƙƙi ka dawo kai ake nema.

Ina da kwastomomi a Nijar da Chadi. Rajistar Abuja ta kai can?

Iyakarta boda. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar zane da haƙƙin ƙirƙira mai ofis a Yawunde, rajista ɗaya a can ta game ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki. Amma da yake duk muna cikin yarjejeniyar Paris ta kare zane da ƙirƙira tsakanin ƙasashe, in ka shigar a can cikin wata 6 daga ranar da ka shigar a Abuja, kana iya neman a lissafa maka da ranar farko.

Nawa ne kuɗin gaba ɗaya?

Kuɗin gwamnati daban, na ejan daban, kuma suna canjawa. Ka sa a rubuta maka kowanne a rarrabe, ka karɓi rasit ɗin ofis da takardar shaidar an karɓi buƙatarka mai kwanan wata. Wanda ya ƙi nuna maka waɗannan biyun, karɓi hotunanka ka nemi wani.