Karatun Bi-da-bi Ba Ya Koya Wa Ɗalibi Karatu

Malamai da yawa a sakandare sun ɗauka in aka bi layi, kowane ɗalibi ya miƙe ya karanta sakin layi ɗaya a bayyane, to an koyar da karatu. Ba haka ba ne.

A darasin minti 40 da ɗalibai 40, minti ɗaya tak kowa zai samu. Mai rauni kuwa, dubi yatsansa: ƙirgen sakin layin da zai faɗo kansa yake yi, yana ta bitarsa a zuci, bai ji komai daga abin da ake karantawa ba. In harshensa ya sarƙe aka yi dariya, gobe ko buɗe littafin ba zai yi ba, abin takaici.

Gara malami ya zaɓi nassi mai kalmomi kamar 150, ya fara bayyana kalmomi 5 masu wuya, ya karanta suna bi da ido. Sannan a haɗa su bibbiyu, kowa ya karanta wa abokinsa sau 3. Sai a rufe littafi, kowa ya faɗi abin da ya gane. Wanda ya kasa, a zauna da shi a keɓe, ba gaban aji ba.