Takardar I-864 da shaidar haraji wajen ɗaukar mata ko miji zuwa Amurka

I-864 takarda ce ta gwamnatin Amurka da duk ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wato girin kad, sai ya cike ta ya sa hannu in yana son a ba matarsa ko mijinta bizar zama. Sunanta a hukumance Affidavit of Support, ma'ana rantsuwar ɗaukar nauyi. Mutane da yawa suna ɗaukarta kamar fom ne kawai cikin tarin fomafomai, amma a doka yarjejeniya ce tsakanin mai sa hannun da gwamnati, ana iya kai mutum kotu a kanta. Asalinta dokar gyaran shige da fice ta 1996 ce, aka fara aiki da ita a Disamba 1997, kuma tana ƙarƙashin sashe na 213A na babbar dokar shige da fice ta ƙasar. Manufarta dai kada a kawo mutum ya zama kaya a wuyan gwamnati.

Nawa ake so mutum ya riƙa samu

Kowace shekara ma'aikatar lafiya ta Amurka tana fitar da jadawalin ma'aunin talauci, hukumar shige da fice ta USCIS kuma sai ta ɗauka ta buga nata a takardar I-864P. Abin da ake nema shi ne samun mutum na shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na wannan ma'aunin. Sojan da ke bakin aiki in matarsa ko ɗansa zai ɗauka, shi kashi 100 ya ishe shi. A 2024 gida mai mutum biyu ana so ya nuna dala 25,550, mai mutum huɗu kuma dala 39,000, jihohin Alaska da Hawaii nasu ya ɗara haka saboda tsadar rayuwa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ƙirga mutanen gida. Wani sai ya ce ai ni da ita ne kawai, ya manta da 'ya'yansa biyu na auren farko da ke Kano ko Kumasi wajen kakarsu, alhali fom ɗin ya ce a ƙirga 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba ko a ina suke zaune, sannan a ƙara da duk wanda ka sa a takardar harajinka a matsayin wanda kake ciyarwa, da duk wanda ka taɓa sa wa hannu a irin wannan takardar a baya kuma nauyin bai sauka ba tukuna. To kafin ka ankara gidan mutum biyu ya koma na biyar.

Takardun haraji

Nan ne zuciyar maganar. Jami'in da ke duba fayil bai san ka ba, bai ga motarka ba, bai san kana tura kuɗi gida duk wata ba, abin da ya sani shi ne abin da ka gaya wa hukumar haraji ta IRS. Wajibi ne a haɗa shaidar harajin tarayya na shekarar da ta gabata, fom ɗin kuma yana da gurbin rubuta jimillar samu na shekara uku na baya, amma haɗa takardun sauran shekara biyun ganin dama ne, ana yi ne in mutum yana ganin za su ƙara masa ƙarfi.

Hanya biyu ce. Ko dai a tura taƙaitaccen bayanin haraji da IRS ke bayarwa da kanta, wanda ake saukewa kyauta a shafinta na intanet ko a nema da fom 4506-T, ko kuma a tura kwafin fom 1040, wato takardar da mutum ke cike harajinsa na shekara a kai, gaba ɗaya tare da duk W-2 da 1099 na wannan shekarar. W-2 ita ce takardar da kamfani ke ba ma'aikacinsa mai nuna albashin shekara da abin da aka cire, 1099 kuma ta masu aikin kwangila ce. Hanya ta farko ta fi sauƙi gaskiya, don a ta biyu shafi ɗaya in ya ɓace sai a dawo maka da fayil. Bayan haka ana ƙarawa da shaidar aikin yanzu, takardun biyan albashi na watannin baya-bayan nan da wasiƙa daga wajen aiki.

Wanda samunsa bai kai a ce dole ya cike haraji ba, sai ya rubuta bayanin dalili. Wanda kuwa ya kamata ya cike bai cike ba, to ba wata dabara, sai ya koma ya cike na shekarun da ya tsallake. Wannan har da ɗan Amurka da ke zaune a ƙasar waje, don Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin 'yan ƙasarta da haraji duk inda suke.

Masu aikin kansu su ne suka fi shan wahala a nan. A ɗauki misalin direban Uber ko tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, a ce ya tara dala 45,000 a shekara, ya je wajen mai cike haraji aka cire masa kuɗin tafiyar mota, wanda a 2024 santi 67 ne kowane mil, aka cire na waya da sauransu a takardar Schedule C, abin da ya rage a 1040 ya koma dala 19,000. A watan Afrilu murna yake yi haraji ya yi sauƙi. Ranar da ya zo ɗaukar matarsa kuwa wannan 19,000 ɗin ita jami'i zai duba, ita kuma ba ta kai 25,550 ba. Haka nan mai karɓar ladansa a hannu ba tare da ya shigar a haraji ba, kuɗin nan a wajen USCIS kamar babu su ne.

Wani kuskuren da ake yawan gani, mutum ya yi aure a gida ya dawo ya ci gaba da cike haraji a matsayin gwauro wai don matar ba ta iso ba. Ga shi a wata takardar yana rantsuwa yana da mata, a ta haraji kuma ya ce ba shi da ita. Ana gyara wannan da fom 1040-X.

In kuɗin bai kai ba

Akwai mafita uku. Ta farko dukiya, kamar ajiyar banki, hannun jari ko gida bayan an cire bashin da ke kansa, da sharaɗin abu ne da za a iya mayar da shi tsabar kuɗi cikin shekara ɗaya. Ɗan ƙasa mai ɗaukar matarsa zai nuna ninki uku na giɓin, mai girin kad kuma ninki biyar. Wato wanda ke samun 22,000 a gida mai mutum biyu giɓinsa 3,550 ne a lissafin 2024, in ɗan ƙasa ne zai nuna dukiyar dala 10,650, in mai girin kad ne 17,750. Mota ba ta shiga sai in mutum yana da fiye da ɗaya.

Ta biyu, ɗan gida da ake zaune tare ya haɗa samunsa da naka ta fom I-864A. Ta uku kuma wadda aka fi bi, a samo wani ya tsaya a matsayin mai ɗaukar nauyi na haɗin gwiwa. Ba dole sai ɗan uwa ba, amma sai ya kai shekara 18, ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, yana zaune a Amurka, kuma samunsa shi kaɗai ya ishi iyalinsa da wadda za a kawo. Shi ma zai cike tasa I-864 ɗin ya kawo takardun harajinsa, kuma ko da an samu wanda ya tsaya, mai gidan ba ya tsira daga cike tasa. Ana roƙon wannan alfarmar a masallaci da wajen suna kamar ƙaramin abu, amma wanda ya san abin da ke ciki yakan yi jim kafin ya amsa.

Nauyin da ke biyo bayan sa hannu

Mai sa hannu ya yi alkawarin riƙe wadda ya kawo a matakin kashi 125 ɗin nan. In ta karɓi wasu tallafin gwamnati na marasa ƙarfi irin SNAP na abinci, ko SSI na tsofaffi da naƙasassu, ko TANF na iyalai mabuƙata, hukumar da ta biya tana iya neman ya mayar da kuɗin, ita ma matar tana da ikon kai shi kotu. Nauyin yana sauka ne in ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zangon aiki 40, zango huɗu a shekara, wanda kusan shekara 10 ke nan, ko ta rasa girin kad ta bar ƙasar, ko ɗayansu ya rasu. Saki baya cikin jerin, ko aure ya mutu takardar tana nan da ranta, kuma hakan ya shafi abokin da ya tsaya don zumunci. In mai sa hannu ya canza gida kuma, yana da kwana 30 ya sanar ta fom I-865.

Inda ake kai ta

In matar tana wajen Amurka, bayan USCIS ta amince da takardar neman dangi ta I-130, fayil zai wuce cibiyar biza ta NVC da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, a ɗora takardun ta intanet, daga nan a tura ofishin jakadanci don intabiyu. A Najeriya ofishin Legas ne ke yin bizar zama. In jami'i ya ga shaidar kuɗi ba ta cika ba yakan miƙo takardar 221(g) ya ce a kawo ƙari, galibi sabuwar shaidar haraji, musamman in jira ya yi tsawo har wata shekarar haraji ta shigo.

Birtaniya nata tsarin daban ne, adadi ɗaya take yankewa, fam 18,600 a shekara tun 2012 har aka ɗaga shi zuwa fam 29,000 a Afrilun 2024, kuma ga ma'aikaci ta fi duba takardun albashi da bayanan banki na wata shida. Kanada kuwa a yawancin lokuta ba ta sa wa mai ɗaukar mata ko miji iyakar samu, sai dai alkawarin ɗaukar nauyi na shekara uku.