Tara Tsofaffin Na'urorin Gem na Akwati

Gem ɗin akwati, wanda ake kira arcade a ƙasashen da ya fito, na'ura ce ta wasa da aka gina cikin akwatin katako mai tsayin mutum, da talbijin a cikinsa, da sandar juyawa da maɓallai a gaba, da kuma ramin jefa kwabo a ƙasa. An ƙera ta ne domin wuraren taruwar jama'a, inda mai wasa zai biya kuɗin zagaye ɗaya, ya yi ta bugawa har a cinye shi. Ta bambanta da na'urar caca ta kalo-kalo, ko da yake ramin kwabon kan sa a ɗauke su abu guda, domin gem ɗin akwati ba ya mayar wa kowa ko sisi. Abin da mai wasa ke nema shi ne maki da sunansa a saman jeri. Tara waɗannan na'urori da gyara su ya zama sha'awa mai zaman kanta a Amurka da Japan da Turai, kuma tambayar da ke gaban duk mai wannan sha'awa, har wanda ke zaune a Bauchi ko Gombe, ita ce wanne daga cikin wasannin yarintarsa ya cancanci ya saya ya ajiye.

Asali

Na'urar farko da aka fitar kasuwa ita ce Computer Space, wadda Nolan Bushnell da Ted Dabney suka ƙera a 1971, amma ba ta karɓu sosai ba. A 1972 suka kafa kamfanin Atari, suka fitar da Pong, wasan ƙwallo mai sauƙi da injiniya Allan Alcorn ya haɗa, kuma daga nan harkar ta kama. Space Invaders na kamfanin Taito, aikin Tomohiro Nishikado, ya fito a Japan a 1978, Asteroids ya biyo baya a 1979, sannan Pac-Man na Namco a 1980, da Donkey Kong da Galaga a 1981. Waɗannan shekaru su ne masu tarawa suka fi daraja. Kasuwar ta yi sanyi a tsakiyar shekarun 1980, sai Street Fighter II na Capcom ya farfaɗo da ita a 1991, Mortal Kombat na Midway ya ƙara mata wuta a 1992.

Yadda wasannin suka iso Arewa

Yawancin waɗanda suka taso a Bauchi da Gombe a shekarun 1990 ba a gaban akwatin katako suka san waɗannan wasanni ba. A gidan gem suka san su, wato shago ko zaure da aka jera benci, aka ɗora talbijin a kan tebur, aka jona mata Sega Mega Drive ko ɗaya daga cikin kwaikwayon Famicom, na'urar wasan gida ta Nintendo, masu ɗauke da kaset mai launin rawaya da aka rubuta wa wasanni ɗaruruwa alhali maimaici ne ya fi yawa a ciki. Mai shago ne ke karɓar kuɗi a hannu, wanda aka cinye ya miƙa wa na gaba, janareta na ƙara a waje idan an ɗauke wuta. Daga baya PlayStation ta shigo da wasan ƙwallo na Konami, ta kusa share komai.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai tarawa, domin Mortal Kombat da ɗan Jekadafari a Gombe ko ɗan Wunti a Bauchi yake tunawa, na Sega ne wanda ya fito a 1993, hotunansa sun fi na akwati kaushi, sautinsa ya fi rauni, kuma hannun da ake riƙewa ya sha bamban da sanda da maɓallai biyar na asali. Wanda ya kashe dukiya ya sayo akwatin yana iya tsayawa a gabansa ya ji baƙunta, domin yatsunsa wani abu dabam suka haddace. Ga irin wannan mutum, Mega Drive da aka taɓa amfani da ita da kaset na asali da tsohuwar talbijin mai tudun baya sun fi kusa da abin da zuciyarsa ke nema, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na akwati ba.

Abin da ake dubawa wajen zaɓi

Tun a 1997, lokacin da Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara manhajar MAME, kwamfuta ke iya kwaikwayon dubban waɗannan wasanni. Saboda haka hujjar mallakar na'urar asali ba ta tsaya a kan ganin wasan kawai ba, sai dai a kan abin da kwaikwayo ya kasa bayarwa. A nan ne wasanni suka rabu gida biyu.

Akwai waɗanda jikin na'urar wani ɓangare ne na wasan. Asteroids yana amfani da wata irin talbijin da ke zana layuka kai tsaye maimakon jera ɗigo-ɗigo, don haka harsashin jirgin kan yi wani haske mai kaifi da filasma ba ta iya fitarwa. Centipede ana buga shi da ƙwallo mai murzawa a tafin hannu, Tempest da abin murɗawa mai juyawa, Out Run na Sega na 1986 da sitiyari da giya da totur, Time Crisis na 1995 kuwa da bindiga da abin takawa da ke sa ɗan wasa ya ɓuya, kuma bindigar tasa tana dogara ne da yadda tsohuwar talbijin ke zana hoto, ba ta aiki da ta zamani. Irin waɗannan su ne suka fi cancantar a mallake su, ko da yake su ne kuma suka fi wahalar gyara.

Akwai kuma waɗanda sanda da maɓalli kawai suke buƙata. Nan ne ma'aunin JAMMA yake taimakawa. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera na'urorin nishaɗi ta Japan ta tsayar da mahaɗi guda mai haƙora 56, ta yadda za a zare fanel ɗin wasa ɗaya, wato allon lantarkin da wasan ke ciki, a soka na wani cikin akwati ɗaya. Mai akwatin JAMMA mai lafiya yana iya tara fanel goma a cikin durowa yana sauya su, maimakon ya cika gida da akwatuna goma. Ma'aunin yana ɗaukar maɓallai uku ne ga kowane ɗan wasa, shi ya sa Street Fighter II mai maɓallai shida yake buƙatar ƙarin waya ta musamman domin maɓallan shuri, kuma sau da yawa wannan waya ce ke ɓacewa idan fanel ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Neo Geo MVS na kamfanin SNK, wanda ya fito a 1990, ya ƙara sauƙaƙa lamarin, domin kaset yake ci, kuma wasu nau'o'insa na ɗaukar kaset har shida a lokaci guda. Mai son The King of Fighters ko Metal Slug zai fi samun biyan buƙata da wannan tsari fiye da kowane.

Wani abin dubawa kuma shi ne ko wasan yana jure maimaici. An tsara yawancinsu ne domin su cinye kwabo cikin 'yan mintoci, kuma da zarar an saita na'ura ta daina neman kuɗi, wasu sukan zama fanko: wasan dukan abokan gaba da ake bi daga hagu zuwa dama yana ƙarewa cikin kamar awa ɗaya idan rai ba ya ƙarewa, daga nan kuma babu abin da zai sa a koma masa. Wasannin neman maki irin su Galaga da Ms. Pac-Man, da na karawa tsakanin mutum biyu, su ne ba sa tsufa, domin a na farko mutum da kansa yake gasa, a na biyu kuma da ƙaninsa ko maƙwabcinsa. Masu gogewa kan ba da shawarar a buga wasa a kwamfuta na tsawon makonni kafin a saya, don a gane ko wasan ake so ko kuwa shekarun da aka yi shi.

Gane na asali

Akwatin da ya fito daga masana'anta domin wasa guda, da zanensa na gefe da tambarinsa na sama, ya fi daraja a kan wanda aka sauya. Masu wuraren wasa a da sukan shafe tsohon zane da baƙin fenti su sa sabon fanel idan wasa ya daina kawo kuɗi. Talbijin ɗin kan tona asiri: wadda ta shekara da shekaru tana nuna Pac-Man za a ga inuwar layukan lungunan wasan a ƙone a fuskarta ko da a kashe take. Fanel na jabu ma sun yi yawa, musamman na Street Fighter II, kuma ana gane su da rashin tambarin Capcom a jiki da ƙazantar aikin dalma.

Kulawa a yanayin Bauchi da Gombe

Akwati ɗaya kan haura kilo 100, kuma wanda zai taso daga waje ya sauka a Legas ya hau tirela zuwa Arewa yana shan jijjiga mai iya fasa wuyan talbijin. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tarawa a nan ya fi karkata ga sayen fanel, ya ba kafinta aikin akwati da katako mai kyau.

Wuta ce babbar barazana. Na'urorin Amurka an yi su ne domin bolt 120, na Japan bolt 100, alhali wutar Najeriya 230 ce, don haka dole a sa taransfoma mai rage wuta, sannan a haɗa da sitabilaiza saboda hawa da sauka. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan fanel ta riƙe zafi, zafin watan Maris da Afrilu kuma yana busar da kafasitoci, wato ƙananan sassan da ke tara wuta, waɗanda suka riga suka haura shekara 30, alamar hakan kuwa ita ce hoto ya dusashe ko ya naɗe daga sama. Da damina, katakon da aka matse daga dusa yana shan danshi daga ƙasa ya kumbura, ga gara, ga ɓera mai cin waya, shi ya sa ake ɗora akwati a kan abin da zai raba shi da daɓe.

Batir ma yana da nasa sharrin. A fanel ɗin Neo Geo yakan tsiyaya ya cinye hanyoyin tagulla da ke kewaye da shi, don haka ake cire shi tun kafin ya yi ɓarna. A tsarin CPS-2 na Capcom na 1993 kuwa, batir ne ke riƙe da mabuɗin sirrin da wasan ke buƙata, idan ya mutu wasan ya daina tashi, ko da yake daga baya masana sun gano hanyar mayar da mabuɗin.

Tsohuwar talbijin tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt dubu 20 ko fiye, kuma tana riƙe ta ko bayan an zare soket, saboda haka buɗe bayanta aikin gwani ne. An daina ƙera irinta, kuma matasan masu gyara sun koma kan waya da filasma. Dattawan da suka koyi aiki a kan rediyo da talbijin na da suna nan a kasuwannin Bauchi da Gombe, kuma ya kamata mai niyyar saye ya fara neman ɗaya daga cikinsu, ya tabbata zai karɓi aikin, kafin ya biya kuɗin kowace na'ura.