Mene ne "direba" a kwamfuta, kuma me ya haɗa shi da modem?

Kwanan nan duk wanda ya kai laptop wurin mai gyara, amsar da zai fara ji ita ce "matsalar direba ce". Kalmar ta zama ruwan dare, har ana ɗora mata laifin da ba nata ba.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da na'urar da aka jona wa kwamfuta. Iyakarsa ke nan. Ba ya ƙara ƙarfin sabis, ba ya buɗe modem ɗin da kamfanin layi ya kulle don kada ya karɓi wani SIM. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce wa mutum modem ɗinsa ya ƙone ko sai an buɗe shi, a karɓi kuɗinsa, alhali kwamfutar ce ba ta gane abin da aka soka mata ba.

Ɗauki modem na Huawei, irin mai kama da filas. Da ka soka shi, ba a matsayin modem yake fara bayyana ba, sai ya fito kamar faifan CD. Da gangan aka yi haka, domin direban yana cikin wannan faifan. Sai an girka shi, sannan ya aika wa na'urar umarni ta sauya ta koma modem. In ba a girka ba, fitilar za ta yi ta ƙyaftawa, intanet babu.

Kafin ka biya kowa, buɗe Device Manager, wato wurin da Windows ke jera duk na'urorin da ke jone da kwamfuta. In ka ga alamar rawaya da saƙon Code 28, direba ne babu. Shiga Properties na na'urar mai alamar, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids, inda za ka ga VID (lambar kamfanin da ya ƙera ta) da PID (lambar ita na'urar). VID_12D1 na Huawei ne, VID_19D2 na ZTE. In PID ɗin na Huawei ya nuna 1446, har yanzu a matsayin faifai yake. Masu amfani da Linux maimakon Windows kuwa, umarnin lsusb zai nuna musu lambobin, manhajar usb_modeswitch ta yi sauyin daga faifai zuwa modem.

Da lambobin nan ake neman direban da ya dace a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Manhajojin nan masu alkawarin girka maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni ban yarda da su ba, don sau da yawa tallace-tallace suke cusa wa kwamfuta, modem ɗin kuma yana nan yadda yake.